Fim ɗin Abbott da Costello na kwalejin 'yan mata

Malam, ka tambayi sunan fim ɗin da 'yan wasan barkwanci Abbott da Costello suka fito a kwalejin 'yan mata, da ko yara za su iya kallo. Sunansa Here Come the Co-Eds, na kamfanin Universal, ya fito a 1945 a Amurka. Ƙwarai kuwa, ka kunna musu.

Sai dai waƙoƙinsa suna da yawa. Idan ƙungiyar makaɗa mata ta Phil Spitalny ta fara, yarana kan ƙosa, don haka nakan wuce gaba. Amma wurin da Costello ya sa kayan mata ya shiga wasan ƙwallon kwando, ko wanda ba ya jin Turanci sai ya sha dariya.