Kala shida ne, ba bakwai ba

Wai in raba muku gardama kai da abokanka, tsakanin bangon faifan mawaƙan Beatles da suke tsallaka titi da na mawaƙan Pink Floyd mai gilashi da bakan gizo, wanne ya fi. To ajiye wayar nan tukuna, ba na magana da ƙeyar mutum.

Na Beatles hoto ne. A 1969 Iain Macmillan ya hau tsani a titin Abbey Road a Landan, ɗan sanda ya tare motoci, ya ɗauka sau shida aka zaɓi ɗaya. Masu son sa mutanen huɗu suke so, har da ɗayansu, Paul McCartney, da ke tafiya ba takalmi. Na Pink Floyd kuwa, The Dark Side of the Moon na 1973, zane ne na kamfanin Hipgnosis, ba fuska ba suna, amma daga tsallaken titi ka gane shi. Shi na zaɓa, duk da shi ya ci mini kuɗi.

Wani ɗan gayu ya zo da hoton, yana son in buga masa shi a riga baƙa 200, zai sayar wa ɗalibai. Kafin alƙalamin da ya bayar ko kuɗin rigunan bai kai ba, na karɓa, don bakinsa kamar zuma. Kwana tara muna kai. Ka san baƙar riga sai an shimfiɗa fari a ƙasa, kowace kala kuma da firem ɗinta, wato allon ragar da ake matsa fenti ta ciki, wannan ko jaki ya sani. Sau bakwai kowace riga ta hau tebur, layin nan siriri ko gashi bai kauce ba.

Ranar karɓa ya ɗaga riga ɗaya, ya ƙirga da yatsa, ya ce bakan gizo kala bakwai ne, na cinye masa ɗaya. Na ce bawan Allah, asalin zanen shida ne: ja, ruwan lemo, ɗorawa, kore, shuɗi, shunayya. Babu kalar baba ta rini a ciki, haka masu shi suka yi. Na nemi hoton da ya kawo, ashe ya riga ya sa a aljihu. Lokacin ba waya irin taku da zan buɗe in nuna wa maƙwabta, su kuma duk sun tuna bakwai ɗin firamare, suka ce Oga a yi haƙuri. Ya kwashe kaya a rabin kuɗi. Bayan mako biyu na ga rigata a jikin samari a bakin jami'a, kala shida, ba wanda ya ƙirga.

Ku yaran yanzu ga ilimi a tafin hannunku, kuna ta danna wanne ya fi, a cikinku ba wanda ya taɓa ƙirga kalolin. Jeka wanke firem ɗin can kafin fentin ya bushe a kai.