Sunan Ingila ko na Amurka zan rubuta a jarabawar kanikanci?

Tambaya: Salam Injiniya. Ina koyon kanikanci a Kano, zan zauna jarabawar trade test kwanan nan. Littafina na Ingila ne, bidiyon da nake kallo a YouTube kuma na Amurka, sunayen kayan inji duk sun cakuɗe min, wallahi tsoron faɗuwa nake. Kuma ogana ya ce tamostat da antifreeze kayan ƙasar sanyi ne, haka zan rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka. Rubuta na Ingila, shi muka gada a Najeriya, daga nan muka samo bonet da but da salansa da giyabos. Gudgeon pin da ke riƙe fistin shi Amurkawa ke kira wrist pin, sump, wato kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji, shi ne oil pan, salansa muffler. Inda za ka kula shi ne ma'auni, galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5.

Maganar oganka ce ta tayar min da hankali, don kullum sai an kawo min irinta. Mota ta sauko daga Kwatano lafiyarta ƙalau, ranar farko an cire tamostat mai daidaita zafin inji an jefar, an haɗa fanka kai tsaye, an zubar da kulant, wato ruwan sanyaya inji mai antifreeze, an ɗura ruwan rijiya, wai nan ba Turai ba ce. Haba! An ƙera injin nan ya yi aiki a wajen digiri 90 na ma'aunin Celsius ne, ko a Landan ko a Sakkwato. Ba tamostat, inji ba ya ɗumi da wuri, kwamfutar motar ta yi ta ƙara fetur, mai shi yana kukan shan mai, ringi da silinda suna cinyewa a hankali. Kulant ɗin ma ba daskarewa kaɗai yake hanawa ba, yana ɗaga ma'aunin tafasa sama da na ruwa zalla, yana hana tsatsa. Buɗe lagireton da ya shekara yana shan ruwan rijiya ka ga jan laka ya toshe ƙananan bututun, sai watan Afrilu ya zo gasket ya ƙone a hanyar Zariya a ce ai zafin gari ne.

Ku ji tsoron Allah, motar nan amana ce, wani bashi ya ci ya saye ta. Ka girmama oganka, amma kar ka rubuta wannan a jarabawa. In tamostat ya lalace sabo ake sakawa, ka ɗauki lambar shasi ka je da ita kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a ba ka daidai nasa.