Tambayoyinku kan lambu: furen da ke buɗewa a inuwa cikin sanyin Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya iyali. Ni dai muna zaune ne a Mancista shekara uku kenan, kuma gidan da muka samu yana da ɗan fili a baya amma wallahi rana bata shiga wajen sosai saboda katanga ta tare gefe ɗaya, ga kuma wata bishiya babba ta maƙwabta a ɗaya gefen, duk abinda na shuka sai ya mutu ko ya yi ta tsawo ba fure. Abinda yafi damuna shine lokacin sanyi, idan na leƙa ta tagar kicin ba abinda nake gani sai jiƙaƙƙiyar ƙasa da itace ba ganye, har raina ya ɓaci. Wata maƙwabciyata tsohuwa ta ce in nemi wani fure wai shi hellebore. Dan Allah menene shi, kuma zai yi a irin wajen nan? Ina da yara ƙanana guda biyu. Daga wata 'yar'uwa a Mancista.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau alhamdulillah. Toh gaskiya maƙwabciyar nan taki ta baki shawara mai kyau, kuma na fahimci abinda kike nufi da ɓacin rai ɗin nan domin duk wanda ya taso a inda rana take wadace sannan ya zo ya ga Disamba ta Ingila, inda kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, ya san abin yana taɓa zuciya. Kar ki cire rai da filin nan naki, irin wajen ne ma helebo yake so.

Shi helebo ɗan tsiro ne gajere, tsawonsa bai cika wuce santimita 30 zuwa 45 ba, ganyensa kore shar mai kauri kamar fata kuma yawancinsu basa zubar da ganye ko cikin sanyi. Asalinsa daga duwatsu da dazukan Turai ne zuwa yammacin Asiya, akwai nau'i wajen 20. A shagon furanni zaki ga an rubuta Helleborus a jikin tukunyar. Akwai wanda ake kira Helleborus niger mai farin fure, shi ne yake riga kowa fitowa tun wajen ƙarshen Disamba ko Janairu, kuma kar sunan ya ruɗe ki ba shi da alaƙa da ƙasar Nijar, niger ɗin kalmar Latin ce ma'anarta baƙi, saboda saiwarsa baƙa ce, asalinsa ma tsaunukan Alps ne. Sai Helleborus orientalis wanda ya fito daga yankin Girka da Turkiyya da Kokeshas, daga shi ne masu lambu suka yi ta haɗa aure da wasu nau'o'in helebo har aka samu waɗanda ake sayarwa da sunan Helleborus x hybridus, kuma ni su nake so ki fara da su don sun fi juriya, shi niger ɗin yana da ɗan tsirfa. Suna fure daga Fabrairu har cikin Afrilu, akwai fari, ruwan hoda, shunayya mai duhu har kamar baƙi, ruwan ɗorawa mai haske, wasu kuma da ɗigo-ɗigo a ciki kamar an yayyafa musu tawada.

Dalilin da yasa furen yake daɗewa haka shine abinda muke gani kamar ganyen fure ba shi bane na ainihi, marfin da ke rufe fure ne kafin ya buɗe, shiyasa baya kaɗewa bayan kwana uku kamar sauran furanni, sai ya yi makonni yana nan, launin ne kawai zai riƙa komawa kore a hankali.

Yanzu maganar wajen shukawa, nan nake so ki nutsu sosai domin nan ne mutane suke asara. Idan bishiyar maƙwabtan nan irin mai zubar da ganye ce lokacin sanyi toh kin dace, domin cikin sanyi haske zai ratsa rassan ya iso ƙasa daidai lokacin da helebo yake fure, in zafi ya zo kuma ganyen bishiyar ya dawo ya yi masa rumfa. Amma kar ki manna shi jikin gindin bishiyar inda jijiyoyi suka shanye ruwa, ki ɗan matsa. Babban abokin gabarsa shine ruwa ya kwanta a saiwa. Ni da kaina na farko da na shuka guda uku ne a wani lungu mai laka, ina ganin ai inuwa ce shikenan, ashe duk ruwan saman da ya zubo daga rufin ɗakin ajiya nan yake taruwa, kafin shekara ta zagayo biyu sun ruɓe, da na tono saiwar laushi tayi tana wari. Ki gwada wajen tukuna, ki haƙa rami ki cika shi da ruwa, in kin dawo bayan wasu awanni ruwan yana nan toh sai kin gyara ƙasar, ki haɗa ta da ruɓaɓɓen ganye ko takin da ya ruɓe sosai da ɗan tsakuwa ƙanana, ko ki ɗan tada wajen kamar kunya. Yankinku ma ai ruwan sama baya ƙarewa, don haka wannan ya shafe ki kai tsaye.

Idan zaki sa shi a ƙasa ki bar wuyansa daidai yadda yake a cikin tukunya, kar ki binne shi da zurfi don in ya nutse fure baya fitowa sosai. Tsakanin ɗaya da ɗaya ki bar kamar santimita 45 zuwa 60, yanzu zaki ga kamar fili ya yi yawa amma bayan shekara uku huɗu zasu cike shi. Shekarar farko ki riƙa basu ruwa in an kwana biyu ba a yi ruwa ba lokacin zafi. Kuma ki zaɓi waje sau ɗaya, helebo baya son a riƙa cire shi ana canza masa mazauni, in kika taɓa shi yana iya yin fushi ya ƙi fure shekara guda ko fiye. Lokacin saye ni nafi son Fabrairu lokacin da suke cikin fure, don ki ga launin da idonki kafin ki biya. Akwai Ashwood Nurseries a yankin West Midlands da suka yi suna a kan helebo, amma shagunan lambu na kusa da ku ma suna kawowa a wannan lokacin.

Hidimarsa bata da yawa. Wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu idan kin ga tohon fure ya fara leƙowa daga ƙasa sai ki sa almakashi ki yanke tsofaffin ganyen daga tushe, furen zai fito fili a gan shi, sannan kin rage wata cuta mai sa baƙin tabo a ganye. Ganyen da ya kamu ki zuba a shara kar ki haɗa da taki. Wannan yankan na hybridus ne fa, akwai wasu kamar foetidus da argutifolius masu fure a saman kara, su ba a yi musu haka sai sun gama fure a cire tsohon karan. Ki kuma lura da darɓa, in kuwa kin ga baƙaƙen layuka sun bi jijiyar ganye da kara kuma tsiron ya tsumbure ya murɗe, wannan wata cuta ce da ba ta da magani, cire shi gaba ɗaya ake yi a jefar.

Wata rana da safe bayan an kwana ana zuba jaura zaki fito ki tarar duk sun kwanta a ƙasa kamar an watsa musu ruwan zafi, kar hankalinki ya tashi. Ranar da na fara ganin haka na tsuguna na taɓa karan ya yi laƙwas, na koma ciki raina ba daɗi, kafin azahar da gari ya ɗan sake na leƙo sai ga su sun miƙe tsaye, har da wani ƙaton kudan zuma yana shiga cikin ɗaya. Furen yana sunkuyar da kai ƙasa ne, sai kin ɗago shi da yatsa zaki ga adon da ke ciki, shiyasa wasu suke tsinko kawunan kawai su jera a kwano mai ruwa su ajiye a tebur.

Sai maganar yara, kuma dan Allah ki riƙe wannan da kyau. Helebo yana da guba gaba ɗayansa, ganye, fure, iri da saiwa, ba a ci ba a dafawa ba a jiƙawa a sha, ruwansa ma yana sa wasu ƙaiƙayi a fata don haka ki sa safar hannu in zaki yanka. Ki shuka shi can baya inda ba wajen wasansu bane, ki koya musu ba a sa komai na lambu a baki, kwanon ruwan nan ma ki ɗora inda hannu baya kaiwa. In ƙaramin naki har yanzu yana rarrafe yana kai komai baki, gara ki jira ya ƙara wayo ko ki killace wajen.

Tambaya: Anti ni a Jos nake kuma kin san muna da sanyi, in wani ya kawo min irinsa zai yi a nan? Daga wani ɗan'uwa a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa bana baka shawarar ka kashe kuɗinka a kai. Sanyin Jos daban, na Turai daban, shi helebo yana buƙatar makonni masu yawa na sanyi mai kusan ƙanƙara kafin irinsa ya tsiro, kuma ko ya tsiro sai shekara biyu zuwa uku yake fara fure, ga shi irin baya son ya bushe a ajiye. Don inuwar gidanka ka je wajen masu sayar da furanni na bakin titi a nan Jos ka tambayi begonia da impatiens da anthurium, suna son inuwa kuma sun saba da yanayinku.