Muryar Malam: wa ya kira, wa aka kira?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Ɗiyata mai shirin WAEC, na saurari saƙonki. Kin ce kin ci karo da tambayoyi biyu kan tarihin wayar tarho, ɗaya da who, ɗaya da whom, kin rasa gane bambancinsu. To, ki natsu ki ji.

Labarin da kansa zai riƙe miki ƙa'idar. Ranar 10 ga Maris 1876, a birnin Boston na Amurka, Alexander Graham Bell ya yi magana ta na'urar da yake gwadawa, mataimakinsa Thomas Watson kuma yana wani ɗaki ya ji shi. Cewa kawai ya yi masa ya zo, yana son ganinsa. Kin ga mutum biyu ke nan, mai kira da wanda aka kira. In Bell ake nema, shi da ya aikata, sai a ce "Who made the first call?" In kuwa Watson ake nema, wanda aikin ya faɗa kansa, sai "Whom did Bell call?"

Kada ki ga laifin kanki, harshenmu ne bai raba su ba. In na ce "wa ya kira?", ai tana iya nufin wane ne ya yi kiran, tana kuma iya nufin wane ne ya samu kiran, sai yanayin zancen ya fayyace. Turanci ya raba su tun daga kalmar farko.

Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce, ki amsa tambayar a ranki. In amsar he ce, sai ki sa who. In him ce, whom. Ki lura, him da whom duk da harafin m suka ƙare. Haka in kalmomin Turanci to, ko for, ko with suka zo kafin kalmar tambayar, whom ce ba shakka. Turawan da kansu a hira sukan ce who ko'ina, amma mai duba takardar jarrabawa ba zai ɗaga miki ƙafa ba.

Sannan wannan kalma ta "farko" a tarihi, a riƙa taka mata sannu. Ranar 14 ga Fabrairu 1876 da aka shigar da takardun Bell a ofishin rajistar ƙirƙira, a ranar ne Elisha Gray ya shigar da nasa kan irin wannan na'ura, kuma an daɗe ana jayayya a kai. A jarrabawa Bell za ki rubuta, amma ina so ki san akwai Gray, hakkinsa ne a ambace shi.

Ga aikin gida. Ranar 3 ga Afrilu 1973, Martin Cooper na kamfanin Motorola ya tsaya bakin titi a New York da wayar hannu mai nauyin kusan kilo guda, ya kira Joel Engel na Bell Labs, abokin hamayyarsu a wannan bincike. Ki haɗa tambayoyi biyu da Turanci, ɗaya kan Cooper, ɗaya kan Engel, ki turo nan bayan Isha'i in duba miki.