Ga amaryar da ke da sikila a gidan haɗaka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da asuba na ga tambayarki, na ajiye wayar sai da na sallami yara makaranta, don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce kina da sikila, watanki biyar da tarewa, gida ɗaya kuke da uwar mijinki da faccalolinki, kuma duk ranar da kika kasa tashi girki sai a ce son jiki ne, ga ki nan jawur da ke, wane ciwo? Mijinki ya sani tun kafin aure, amma iyayenki sun ce kada danginsa su ji. Kina tambaya ko ki ci gaba da cijewa ko ki fasa ƙwan kowa ya huta.

Ni SS ce, wato jinsin jinina na mai sikila ne, shekarata 36, shekara 11 ina gidan miji, 'ya'yana biyu. A ganina ki faɗa. Amma ba ranar da ciwon ya tashi ba, kuma ba da bakinki ke kaɗai ba.

Ni ma na ɓoye, kusan shekara biyu. Mahaifiyata ce ta ce ciwon jini ba a tallarsa, kuma ban ga laifinta ba. Ta binne 'ya'ya biyu kafin ni, mutanen unguwa suka ce wabi take yi, ba wanda ya taɓa ce mata ta je a gwada jini. Tsoronta kada a ce an kai wa mutane gawa a lefe. Sai na shiga gidan da niyyar in nuna ni ma cikakkiyar mace ce: ni ce shara, ni ce wanke-wanke, in ciwo ya fara cin ƙafata in shige ɗaki in haɗiyi magani a ɓoye in fito ina dariya. Da duk wannan ban tsira daga sunan mai raki ba, saboda komai ƙoƙarina akwai ranar da ba zan iya ɗaga kofi ba.

Ranar da asiri ya tonu bikin ƙanwar mijina ake yi, cikin Disamba, hunturu ya sauko Kano da ƙarfinsa. Tun kiran sallar fari aka zube mana shinkafa rabin buhu a wanke, ruwan randa kuwa kamar an ciro shi daga firij. Kafin hantsi na ji wuyan hannuna ya fara, irin wannan jin kamar ana murɗa ƙusa mai zafi a cikin ɓargo. Na san shi, ke ma kin san shi. Amma ga ni da lalle har gwiwar hannu, ga anko, ga baƙi, wa zan ce wa ba ni da lafiya? Na daure har la'asar. Da magariba ciwon ya hau ƙirjina, numfashi ya fara gagarata. Kwana 9 na yi a asibiti, aka ƙara mini jini leda biyu, kuma a bakin likita Hajiya, uwar mijina, ta fara jin kalmar sikila, a tsaye a baranda cikin kayan biki. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Abin da ta ce bayan an sallame ni shi ne ya fi tsaya mini. Ba ta yi maganar ciwon ba sam. Cewa ta yi, “Shekara biyu ina zaginki a raina, kun sa na ɗauki alhakin baiwar Allah.” Ɓoyewar ta fi ɓata mata rai fiye da ciwon. Ban ce kowace uwar miji haka take ba, akwai wadda za ta ji ta mayar da shi abin gori, kuma ke kika san taki. Amma wadda za ta yi gori za ta yi ko yau ta ji ko baɗi, bambancin kawai baɗi za ta ƙara da cewa an yaudare ta.

Matsalarmu ita ce mutanenmu sai sun ga ciwo da ido suke yarda da shi. Mai karaya yana da ɗauri, mai zazzaɓi jikinsa da zafi, mu kuwa sai dai wani lokaci farin ido ya yi ɗorawa, shi ma sai wanda ya ƙura. Shi ya sa na daina cewa “ba ni da lafiya,” na koma bayyana abin da ke faruwa a ciki. Yadda na yi wa Hajiya bayani ke nan: ƙwayar jinin kowa zagayayya ce mai laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi salin-alin. Tawa in ta ji sanyi, ko ƙishirwa, ko gajiya, ko zazzaɓi, sai ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, su sarƙe da juna su toshe hanya, kamar yadda 'yan adaidaita ke cushewa a bakin Kantin Kwari ana gobe salla. Duk inda jini bai kai ba, nan ne ke ihu. Sannan ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, tawa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, don haka kullum jinina a ƙasa yake. PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jini, ranar da nake garau bai wuce 23 ba, mace mai lafiya kuwa tana 36 ko sama. Gajiyar da ake kira ƙiwa daga nan take. Da ta ji maganar adaidaita ta yi dariya, amma ta gane, har ita ke maimaita wa 'yan'uwanta.

Ga yadda zan so ki yi. Mijinki ne zai buɗe maganar, don uwarsa ce, kuma shi ya san ya aure ki a haka. Ya zaɓi ranar da kike ƙalau, ya ce mata tun farko ya sani kuma shi ya zaɓa, kada laifin ya faɗo kanki ke kaɗai. Iyayenki ma a sanar da su kafin a yi, kada su ji a sama. Bayan nan ki roƙi Hajiyar ta raka ki ranar ganin likitan sikila. Wannan ya fi duk wani bayani. Tawa da ta zauna a benci ta ga saurayi kyakkyawa da sanda saboda ƙashin ƙugunsa ya lalace, ta ga malamar makaranta da ma'aikacin banki a layi ɗaya da mu kowa tsaf da shi, sai jikinta ya yi sanyi. Gani ya kori ji.

Kuma kada ki je da “a tausaya mini.” Ki je da abubuwa ƙayyadaddu. Ni cewa na yi ba na taɓa ruwan sanyi da asuba lokacin hunturu da damina, amma zan karɓi girkin rana da gyaran miya. Fulas ɗin ruwan zafi yana gefen gadona don alwala, ba na jin kunyarsa. Gorar ruwa tana hannuna ko gidan suna zan je, lita uku nake ƙoƙarin sha a yini. Faccalata ɗaya ta yi ta gunaguni wata da watanni, ban tanka ba. Ba kowa za ki gamsar ba, kuma ba aikinki ba ne ki rame ko ki daina kwalliya don a yarda kina ciwo. Na taɓa daina sa kwalli saboda haka, wauta ce, na koma abina.

Azumi shi ne wurin da aka fi sa mana ido. A 2020 da Ramadan ya faɗo cikin Afrilu da Mayu, zafin Kano ya haura 40, na gwada don kunyar a gan ni ina shan ruwa, ranar huɗu na kwanta. Likitana ya hana ni, malamin da na tambaya ya karanto mini aya ta 184 da 185 a Baƙara, ya ce mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa ciyarwa zai yi. Akwai masu sikilar da ke iya yi da izinin likita, jiki ba ɗaya ba ne. Amma kada ki yi shi don idon faccala.

Asibiti ma ba ko da yaushe ake yarda da mu ba, gara ki sani. Na taɓa zuwa wani da ƙarfe biyun dare ina birgima, ma'aikaciyar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kun saba da allurar ne kawai.” Tun daga ranar nake yawo da ƙaramin littafi: jinsin jinina, rukuninsa, PCV ɗin da na saba da shi, magungunana, da abin da aka ba ni a kwanciyar baya. In na miƙa shi magana takan canza. Gaskiya kuma akwai 'yan'uwanmu da allurar kashe zafin ciwo ta pentazocine ta kama su saboda suna yi wa kansu a gida, don haka komai azaba kada ki fara wannan. Diclofenac da ibuprofen ma in aka mayar da su abincin kullum suna taɓa ƙoda da ciki. Folic acid da Paludrine ɗinki kada su yanke. Ki tambayi likitanki zancen maganin hydroxyurea, ni ya rage mini yawan kwanciya sosai, amma da yake amarya ce ke dole ku yi maganar juna biyu da shi kafin ki fara. In dangi suka fara kawo miki maganin ƙarin jini na kwalba, don za su kawo da zarar sun ji, ki karɓa ki gode ki kai wa likita ya gani. Yawancinsu sinadarin ƙarfe ne a ciki, mu kuwa da ake yawan ƙara wa jini wani lokaci ƙarfen yawa yake mana.

Wani amfanin faɗar da ban zata ba: bayan kwanciyata matasan gidan nan shida suka je gwaji, biyu suka fito AS, wato suna ɗauke da gadon sikila amma ba su da ciwon. Ba abin mamaki ba ne, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da shi, kuma ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da sikila duk shekara. Da yawa sun ɗauka in AS ta auri AS ɗa ɗaya ne cikin huɗu zai samu shi ke nan. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa sabo ne, ana iya jera uku SS. Yanzu ko ba komai Kano ta yi dokar gwaji kafin aure tun 2024, kuma duk 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, nakan samu malamar Islamiyyarmu ta ba ni minti goma in yi wa mata bayanin laujen nan.

Ba ki faɗi jinsin jinin mijinki ba. In AA ne, wato ba ya ɗauke da gadon sikila, duk 'ya'yanku AS za su zama, ba mai sikila a ciki, kuma wannan ce tambayar farko da Hajiya za ta yi, don haka ya riƙe takardar gwajin a aljihu ranar da zai yi mata magana. In sau ɗaya aka gwada, a sake a wani wurin daban. Kafin nan kuma, tun yau, ki samu mutum ɗaya a gidan da ke wuni tare da ke, ko ƙanwar mijin ce, ki gaya mata: in ta ga zazzaɓinki ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ƙirji na ciwo numfashi na sarƙewa, ko baki ya karkace ko hannu ya saki, kada ta jira mijinki ya dawo daga kasuwa, ta tare adaidaita.