Likita, nama fa? Amsoshin tambayoyinku a kan girki da cin abinci a waje

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru wannan karon kusan duk a kan nama suke, kuma na ji daɗin haka, don ni ma ina son nama ina son girkin gida, ba na cikin masu ganin sai an raba mutum da duk abin da bakinsa ke so sannan zai samu lafiya. Bismillah.

Wani Alhaji daga Kano: Likita shekaruna 54 ina da hawan jini, kullum bayan isha'i sai na tsaya wajen mai tukuba na sayi tsire ko balangu, yanzu iyali sun sa ni gaba wai sai na bar nama kwata-kwata. Haka ne?

Alhaji Allah ya ƙara lafiya. Iyali suna da gaskiyarsu amma ba sai ka bari kwata-kwata ba, cin kullum ɗin ne matsala, sai kuma gishirin da ke biyo naman. Yajin tsire ba ƙuli-ƙuli da barkono da citta kaɗai ba ne, akwai gishiri da maggi a ciki sosai, ga wanda aka barbaɗa kafin a ɗora a wuta ga wanda za a ƙara tula maka a takarda, kuma shi dunƙulen maggi kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na miyar rana da ta dare da na burodin safe, to ka ga kafin ka isa wajen mai nama ma ƙila ka riga ka cinye rabonka na ranar.

Shi kuma jan nama, na sa ko rago ko akuya, abin da masana ciwon daji suke ba da shawara shi ne giram 350 zuwa 500 dafaffe a mako, kamar ci uku ke nan, kowanne ya kai tafin hannunka ban da yatsu. A 2015 ne sashen Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken ciwon daji ya sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji, shi kuma jan nama aka ce akwai yiwuwar yana jawowa. Kilishi ma a ganina ya hau wannan layin, a ci shi don marmari ko tsaraba. Don haka ka mai da tsirenka sau biyu a mako, ka ce wa mai nama ya cire kitsen, kar ya ba ka gefen da ya ƙone ya yi baƙi ƙirin, yajin kuma ya ƙulla maka daban ka dangwala kaɗan. Sauran darare Hajiya ta yi maka farfesun kaza ko na kifi da tafarnuwa da citta da masoro da daddawa, wallahi in kayan ƙamshi suka ji ba za ka nemi maggi uku ba. Maganinka na hawan jini kuma kar ka ajiye shi don ka rage nama.

Wata uwargida daga Kaduna: Likita ina son girki sosai, nakan yi miyar mako da farfesu na sa a firij, to ga NEPA ba tabbas, wani lokaci ya narke ya sake daskarewa. In na ɗumama shi ke nan?

'Yar uwa Allah ya sa albarka a hannun nan. Ba kullum ɗumame ke gyarawa ba fa. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma akwai waɗanda suke barin dafi a cikin abincin kuma shi dafin ko an tafasa yana nan, shi ya sa za ki ga an ɗumama shinkafar da ta kwana a waje an ci sai amai ya tashi bayan awa biyu ko uku. Dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye a waje, a zafin watan Afirilu ma awa 1 ne. In an ɗauke wuta firij yana riƙe sanyi kamar awa 4 in ba a buɗewa, firiza cikakkiya kwana 2, in rabi ce kwana 1, sai ki hana yara buɗe-buɗe don neman ruwan sanyi. Naman da kika taɓa kika ji da sauran ƙanƙara a jikinsa za ki iya mayarwa, wanda kuwa ya saki gaba ɗaya ya yi ɗumi yana yauƙi ki haƙura da shi, na san da ciwo a wannan tsadar amma kuɗin gadon asibiti ya fi.

Ki riƙa raba miyar a ƙananan robobi, ta ci ɗaya ɗaya, ki fito da wadda za a ci kawai ki tafasa ta sosai. Kuma inda wuta ba ta zama dabarar iyayenmu ta fi, a soya naman ya soyu ƙarau kamar na layya, ko a yi dambun nama a bar shi ya bushe. Wuƙa da katakon da kika yanka ɗanyar kaza a wanke da sabulu kafin su taɓa latas ko kabeji.

Wani matashi daga Jos: Wai da gaske wasu masu abinci suna jefa farasitamol a tukunya don ganda ta yi laushi?

Ana yi, kuma NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, ta yi gargaɗi a kai. Mugun abu ne, maganin in ya yi yawa hanta yake ci, in ya sha wuta kuma yana rikiɗa ya koma sinadarin da ke taɓa ƙoda. A gida ɗanyen gwanda 'yar kaɗan tana tausasa nama, ko a ba shi lokacinsa a wuta marar ƙarfi. Gandar da aka babbaka da taya ma ka guje ta, za ka ji warin roba.

Wani ɗalibi daga Maraɗi: Likita ni gwauro ne a waje nake cin abinci, kuma kusan duk wata sai cikina ya ɓaci, an ce taifot ne na sha magani har na gaji.

Ɗan uwa ba duk ɓacin ciki ne taifot ba, shi taifot da zazzaɓi mai daɗewa yake zuwa, kuma gwajin Widal da ake yawan yi shi kaɗai ba ya tabbatar da shi, sai mutum ya yi ta haɗiyar kafso a banza har ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Ka je a duba bayan gidanka, don tsutsar ciki ma tana yin haka, har da tsila da ake samu daga naman sa da bai gasu ba. Ci a waje ba laifi ba ne, ka dai zaɓi inda ake layi abinci na ƙarewa da wuri, a zuba maka yana tururi. Ka dubi ruwan da ake ɗauraye kwanuka, in baho ɗaya ne tun safe ya yi kauri to ka je da kwanonka. Tsire in ya huce a mayar maka kan wuta. Yankakken kabeji da tumatir da suka wuni ƙuda na bi ka bar su, musamman da damina lokacin kwalara. In gudawa ta kama ka, lita 1 na tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, ka yi ta kurɓa. Ka ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, asibiti kai tsaye kar ka jira gari ya waye.

Wata amarya daga Sakkwato: Ina da ciki wata 3, ba abin da nake kwaɗayi sai gasasshiyar hanta, surukata ta ce tana ƙara jini.

Allah ya sauke ki lafiya. Mama ta faɗi gaskiya hanta tana ƙara jini, sai dai tana ɗauke da bitamin A mai yawan gaske, kuma yawansa yana iya taɓa halittar jariri musamman a watannin farko irin naki, don haka ki ɗaga mata ƙafa tukuna. Tsokar nama, kaza, kifi, wake da zogale duk za su ba ki abin da kike nema, ki haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba, shayi kuma ki bar tazara tsakaninsa da abinci don yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Duk naman da za ki ci ya dahu har ciki, kar a ga ja-ja a tsakiya. Ki je awo, a auna jininki, ki riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jinin da za su ba ki kullum ko da kina jin garau.