Ziyarar 'yan uwa a Legas, Fatakwal da Akra: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon yawanci na masu shirin sauka kudu ne, biki ko suna ko gaida 'yan uwa, kuma kusan kowa sai ya ce min ai likita kwana uku ne kawai. Toh sauro da gurɓataccen ruwa dare ɗaya ya ishe su, shi yasa na haɗa su wuri guda.

Wata baiwar Allah daga Katsina: Likita zan je Agege sunan ƙanwata da yarana biyu, ɗan shekara 2 da 'yar shekara 4, sun sha maganin maleriyan nan da ake bi gida gida ana rabawa da damina, ya wadatar?

Hajiya bai wadatar ba gaskiya. Wannan maganin kariyarsa kamar wata ɗaya ce, shi yasa kike ganin duk wata suna dawowa har damina ta wuce. Mu nan arewa sauro yana da lokaci, rani na yi sai ya ja baya, amma Legas ruwa baya ƙarewa a kwata da lunguna, cutar tana nan shekara duka. Ki saka gidan sauro a jakarki, kar ki ce a can za a baki, gidan suna ne mutane sun cika ɗaki an shimfiɗa tabarma har falo, babu mai ta taki. Abinda nafi so ki riƙe shine zazzaɓin ba lallai ya fito kina can ba, yakan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu bayan cizon, wato kin dawo Katsina kin manta da tafiyar sannan jikin yaro yayi zafi a ce gajiyar mota ce ko canjin ruwa. Ki kai shi a yi gwajin jini a ranar, ki faɗa musu kun je Legas. Sai ruwan sha, a 2024 an yi ɓarkewar kwalara a Legas, kar ki ba yara ruwan da baki san asalinsa ba ko ƙanƙarar bakin titi. Ki tafi da ORS (garin gishiri da sukari na gudawa) da ƙwayar zinc, ledar ORS ɗaya a lita ɗaya na ruwa mai tsafta in gudawa ta fara.

Wani malami daga Kano: Zan bi mota zuwa unguwar Nima a Akra wajen yayana, ta Seme da Kwatano da Lome. Abokina yace kar in wahalar da kaina da allurar shawara, a boda ana siyan katin.

Malam dan Allah kar ka yi haka. Katin da ka siya zai iya tsallakar da kai bodar Aflao ta shiga Ghana amma ba zai hana cutar kama ka ba, kuma shawarar nan ta cizon sauro bata da maganin kashe ta, in ta yi tsanani hanta take taɓawa, ido yayi ɗorawa, jini ya riƙa fita, da yawa basa tashi. Sauronta ma da rana yafi cizo, gidan sauron dare kaɗai bai isa ba. Allurar guda ɗaya ce, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda yayi sau ɗaya ya gama har ƙarshen rayuwa. Sai dai katin baya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, kenan ka je ofishin lafiya na filin jirgi da wuri, kar ka bari sai gobe tafiya. In da jariri ƙasa da wata 9 ko mai ciki a tafiyar, a fara magana da likita tukun.

Wata daga Zariya: Cikina wata bakwai, ina so in je Fatakwal ganin mahaifiyata bata da lafiya, a babbar mota zamu tafi.

Allah ya ba Mama lafiya ƙanwata. Ba zan ce kar ki je ba, amma ki fara zuwa awo a duba hawan jininki da yawan jinin, in an taɓa ce miki kina da matsala ko kin ga jini a cikin nan to ki haƙura da motar. Abin tsoro a doguwar tafiya shine zaman wuri ɗaya, jinin mai ciki yana saurin daskarewa a jijiyar ƙafa. Ki nemi kujerar gefen hanya, duk inda aka tsaya sallah ko shan mai ki sauko ki taka, kina zaune ma ki riƙa motsa tafin ƙafa. Kuma mata da yawa suna ƙin shan ruwa wai kar fitsari ya matsa su, wannan kuskure ne babba, ki sha. Kumburin ƙafa biyu kaɗan an saba gani, amma ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya riƙa yankewa, asibiti kai tsaye. Katin awonki ya kasance a jakar hannu.

Wani saurayi daga Gusau: Na je Kalaba wajen kawuna a Bogobiri, na ci miya sai jikina ya hau ƙaiƙayi leɓena ya kumbura, bayan awa biyu ya sauka. Jifa ne?

Ɗan uwa alamun nan sun fi kama da jikinka baya karɓar naman ruwan teku, musamman kirefish. A can dake shi suke yi su zuba a kusan kowace miya kamar yadda muke saka daddawa, ba zaka gan shi da ido ba. Kar ka raina abin don ya sauka da kansa, karo na gaba zai iya zuwa da ƙarfi ya toshe maƙogwaro. Ka faɗa wa matar kawu ba kunya, ka guji ƙaguwa da jatan lande ma, ka ga likita ya tabbatar. In ka ji murya ta shaƙe ko numfashi na wahala, ƙwayar ƙaiƙayi bata isa ba, allurar adirenalin ake buƙata da gaggawa.

Wata uwa daga Maraɗi: Yara sun matsa sai an kai su bakin teku a Kwatano, kuma duk zuwanmu ƙuraje suke feso musu.

Ƙurajen na gumi ne Hajiya, iskar can jiƙe take gumi baya bushewa, kayan auduga marasa nauyi da wanka sau biyu, a rage man shafawa mai kauri. Tekun ne yafi damuna. Gaɓar nan tun daga Legas har Akra igiyarta tana ja da ƙarfi ta ƙasa, ko wanda ya iya iyo a kogi tana rinjayarsa. Su tsaya a kan yashi hannunsu a naki, kar ruwa ya wuce musu idon sawu, kuma kar a bar babban yaro ya zama mai gadin ƙanana.